Makau Rikoda

A sakandaren da ya yi a Gummi ba mai kiran Makau da sunansa, Rikoda ake ce masa. Malami ya rubuta a allo, Makau ya kwafa, ya zauna gindin bedi yana nanatawa, ran jarrabawa ya zube shi yadda yake, ko waƙafi bai ɓace ba. Malamin kimiyyarsu, Mista Alfred, mutumin kudu ne mai haƙuri, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, kayan aikinsa alli ne da littafi guda. In ya tambaya ko an gane, aji ya amsa baki ɗaya, muryar Makau a sama. Shi Makau a wurinsa, abin da ya zauna a ka shi ne aka gane.

Ya gama, takarda ta yi kyau, aiki bai samu ba. Ya koma Yargalma ya rungumi gonar mahaifinsa, ya auri Zinatu, Allah ya ba su Nababa, sannan Bilki. Garin kuwa na ji da shi. Duk abin da ya zo da rubutun Turanci shi ake kai wa, ya karanta da ƙarfi, dattawa su jinjina kai.

Da zinari ya bayyana a dajinsu, Makau ya bi sahun maza. Su haƙo dutse, su kawo gida a buhu, mata su daka. Zinatu ta ware turmin dutse daban da na hatsi, amma garin dutsen bai san wannan iyaka ba. Ya kwanta a tabarma, ya kwanta a bakin randa. Bilki na rarrafe a ciki, tana kai hannu baki. Shekarar nan suka yi rufin kwano, Makau ya sayi babur.

A shekarar 2010 yara suka fara faɗuwa. Bilki ta soma da amai, sai jijjiga, idanu a kafe. Inna, mahaifiyar Makau, ta ce iska ce. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Ranar da Makau ya ɗauki Zinatu da Bilki a babur za su asibitin Bukkuyum, ba su yi nisa ba Zinatu ta taɓa kafaɗarsa ta ce, "Juya mu koma." A bayanta yarinyar ta cika.

Bayan ƙananan kaburbura sun yi yawa, likitocin agaji suka iso. Maigari ya aika a kira Makau ya yi tafinta. Wata Baturiyar likita na bayani, sai ta ambaci wata kalma: led. Kafin ya ankara bakinsa ya buɗe, darasin Mista Alfred ya zubo cikin Turanci, sakin layi guda cur. Baturiyar ta yi murmushin mamaki. Mary, nas ɗin da ke tare da ita, 'yar Filato mai jin Hausa, ta ce, "Ashe ka san shi, Malam."

"Mi ne ne shi da Hausa?" in ji Makau.

"Dalma."

"To sauran fa? Abin da ni faɗi yanzu, mi yaka nufi?"

Mary ta dube shi, ta sassauta murya. "Ka ce ƙarfe ne mai nauyi da ake samu cikin dutse. Ka ce garinsa guba ne, ya fi kama ƙananan yara, yana taɓa ƙwaƙwalwa."

Makau ya zauna a ƙasa. Mary ce ta ƙarasa tafintar.

Da ya gaya wa Zinatu, ta ce ƙaddara ce, bawa ba ya wuce ta. Ya ce, "Na yarda. Amma a bakina abin yake, Zinatu. Har maki anka ba ni a kai."

Aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Nababa ma gubar ta kama shi, ya daɗe yana shan magani a Bukkuyum, ya tashi, sai dai bai dawo yadda yake ba. Da aka sa shi firamare, abin da aka biya da safe kafin azahar ya gudu. Makau ya je ya roƙi malamin kada ya doke shi. Yaron ya maimaita aji har ƙannen sa'o'insa suka wuce shi, daga baya ya daina zuwa, ya koma kiwon awakin Inna.

Makau bai bar haƙa ba, don gero kaɗai ba ya riƙe gida. Amma dutse bai sake shiga gidansa ba, kuma sai ya yi wanka a rafi ya sauya tufa kafin ya doshi gari. Nababa kan tarye shi a hanya da awaki. Wata rana sai ya tambaya, "Baba, ina Bilki ta tai?" Makau ya tsuguna ya yi masa bayani a hankali, da Hausa, har yaron ya gyaɗa kai. Bayan kwana biyu ya sake tambaya. Makau ya sake tsugunawa.