Tofin Baba Inuwa a Kan Mazubin Harsashi

Har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da Litinin ɗin da mazubin harsashi ya iso mana Sokode ba. Lokacin yaƙin Turawa na biyu ne, kaya sun daina zuwa daga Lome, harsashi ya yi wuya. Sai Kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ya ce mu maƙeran barikin gardi, wato dogaran Faransawa, mu riƙa sake cika kwanson libarba, wato ƙaramar bindigar da Faransawa ke ratayawa a ƙugu. Mu biyu ne, ni da Baba Inuwa, aminin mahaifina, wanda ya koya mini riƙon guduma. A kanmu akwai Ajidan, Baturen da ke riƙe da ɗakin makamai. Namu narka dalma da zubawa. Albarushi shi ke aunawa da kansa.

Da safe Ajidan ya miƙo mini mazubin, ya ce da Faransanci, don ni ke ɗan ji: "Ko ɗigon ruwa ya shiga ramin nan, dalma za ta yi tsalle. Ka gaya wa tsoho." Na ce to.

Ban gaya masa ba. A wurinmu duk sabon kayan aiki babba ne ke yi masa addu'a ya tofa. Ni wa, da zan buɗi baki in ce, "Baba, kada ka tofa, Nasara ya hana"? Na ce a raina ɗan tofi ne, kafin dalma ta narke ya bushe.

Ashe Baba sai da ludayi ya cika da narkakkiyar dalma sannan ya yi bisimilla, ya tofa sau uku cikin ramin, ya duƙa ya zuba. Fat! Dalma ta watso masa a fuska. Ko ihu bai yi ba, salati kawai yake.

Ajidan ya shigo a guje. Wallahi mazubin ya fara ɗauka, ya jujjuya, ya ga bai tsage ba. Sannan ya dube ni. "Ka gaya masa?"

Na ce, "Wi," wato e.

Shi ke nan. Aka rubuta Baba ya ƙi bin umarni, aka sallame shi. Ido ɗaya ya tsiyaye, ɗayan sai dishi-dishi. 'Yarsa ta zo ta kwashe shi zuwa Dapango, ni kuma aka ba ni maƙerar. Harsasan da na yi ta zubawa, kun san me ake yi da su? Kumandan ne ke harbin kwalabe a bayan gida ran Lahadi.

Bayan damina biyu aka aike ni Dapango da akwatin harsashi. Na sami Baba a zaure yana tufka igiya da lalube. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce, "Audu, ni ba na jin Faransanci. Ranar nan, me Bature ya tambaye ka?"

Na faɗa masa duka, ina kuka, ga gemuna.

Sai ya ce, "Haba Audu. Da ka faɗa, ai sai in tofa a tafina in shafa a fuska."

Bai zage ni ba, kuma bai ce ya yafe ba. Ban sake ganinsa ba.

Shi ya sa kuke cewa ba ni da kunya, ina daka wa manya tsawa a bakin wutar maƙera. Ku faɗa. A aikin nan abin da ka sani sai ka faɗe shi da ƙarfi, ko ga ubanka ne. Ni na yi kunyar, kuma wani ne ya makance.