Haƙorin da Na Bari a Idu

Bayan sakandare na karanta ilimin haɗa sinadarai, na samu aiki a wata masana'antar sabulu a Idu. Ogana ya raina karatun nan, kullum "Malam Takarda" yake kirana.

Wata safiya ya ɗaga jarkar ruwan soda mai cin fata, ko tabarau bai sa ba, ruwan ya fantsamar masa a ido. Ya faɗi yana ihu. Wani ma'aikaci ya rugo da kwalbar manja, yadda suka saba yi wa ƙuna. Na bangaje shi, kwalbar ta tarwatse. Na shaƙo wuyan rigar Oga, na ja shi har bakin famfo, na danna kansa ƙarƙashin ruwa, na buɗe idon da yatsuna. Ya zagi uwata, ya kai min gwiwar hannu a baki, haƙorina ya fita. Jinina na bin ruwan, amma ban sake shi ba sai da minti ashirin ɗin da aka koya mana suka cika.

Yau da idanu biyu yake karanta rahotona. Ni kuwa da giɓi nake gaishe shi.