Fuskar Baba a Ƙarƙashin Dutse

Ana idar da sallar asuba muka bar Damagaram, ni da wani ɗan uwana da ya san hanya. Abin da ya fitar da ni daga gida ba fatauci ba ne. Mahaifina ya rasu a Tamanrasset, can ƙetaren hamada, ina goye, kuma bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Kwatsam wani ɗan kasuwa ya dawo daga can da labarin cewa akwai zanensa a hannun Malam Isufu, tsohon malamin zane na lekkol, wato makarantar bokon garinmu. Sai dai ya ce tsohon ya fara shafe zanen mutanen da yake da su. Tun ranar na kasa cin abinci da daɗi.

Daga Agadas zuwa Arlit akwai kwalta, ko da yake rabinta rami ne. Daga nan kuwa sai rairayi. Aka loda mu a bayan mota kan buhunan albasa, wanda ya samu igiyar riƙewa shi ne mai sa'a. Motar ta kafe, muka tura, ta sake kafewa. Duk tsayawar da muka yi, ni dai gani nake Malam Isufu ya ɗaga buroshi a kan fuskar Baba. A kan iyaka jandarma suka juya takarduna suka tambayi kayan da zan saro. Na ce zane zan gani. Suka dube ni kamar mai taɓin hankali, suka bar mu a rana har la'asar.

Tamanrasset gari ne mai jan ƙasa, duwatsu sun kewaye shi, safiyarsa da sanyi mai shiga ƙashi. A kasuwa Hausa kake ji ko'ina, har daga bakin Buzaye. Burodi da dabino araha, goro kuwa sai mai ƙarfin hali. Ban tsaya ba. Wani mai shago ɗan Maraɗi ya kwatanta mana gidan a unguwar Sarsuf, ya ce mu tambayi mai rubuta allon shaguna.

Na tarar da dattijo siriri yana rubuta sunan wani shagon taya. Wannan shi ne mutumin da ya je Turai ya koyi zana mutum har ka ɗauka zai yi magana. Muna shan shayi ya ba ni labarinsa. Ya koyar shekaru a gida, iyaye suna ƙorafin yana koya wa yara zana mai rai, har ya gaji ya taho nan inda Turawa masu yawon buɗe ido ke saye. Da rikici ya ɓarke a arewacin ƙasar baƙi suka ɗauke ƙafa, ajiye hoton mutum a ɗaki ya zama abin tsoro, ƙyallen zane ma ya yi wuya. Shi ya sa yake bin tsofaffin zanensa yana zana duwatsu a kai, su ne kaɗai ma'aikatan ofis ke saye.

Na faɗi sunan Baba. Ya tashi ya jawo wani allo daga bayan ƙofa. Dutse ne ja, da raƙumi a gindinsa.

"Yana ƙarƙashin nan, ɗana," in ji shi. "Watan jiya na rufe shi."

Na roƙe shi ya kankare. Ya ce fentin mai idan ya kama ɗan uwansa, tare suke tashi. Wallahi na ji haushinsa, na kuma ji kunyar hawayen da suka zubo mini gaban baƙo.

Bai ba ni haƙuri ba. Haɓata ya kama ya juya fuskata wajen haske, ya bi goshina da ƙashin kumatuna da yatsa. Ya ce haka yake koya wa ɗalibansa, daga ƙashi ake fara mutum, fata daga baya take zuwa, kuma ƙashin Baba yana jikina. Ya zaunar da ni kan buhu ya hana ni motsi. Ya yi kwanaki yana aikin sabon zane, ya dube ni, ya rufe ido ya tuno, ya ƙara gemu, ya zurfafa ido. Ni kuma ina zaune da fargaba ɗaya: idan na kai gida Inna ta ce ba shi ba ne fa?

Da wannan fargabar na dawo. Na naɗe zanen cikin bargo na rungume shi har Damagaram, na ƙi yarda a ɗaure shi da kaya. Tafiyar ta koya mini cewa abin da kake so ka gani, ka tashi tun ranar da ka ji labarinsa, domin wanda ke riƙe da shi ma yana da tasa damuwar.

Na shimfiɗa shi a gaban Inna a tsakar gida. Ta daɗe tana kallo. Sai na ga ta jawo mayafinta ta rufe kai, ta sunkuyar da ido yadda ban taɓa ganin ta yi a gaban kowa ba.

"Malam ya rame," ta ce a hankali, da sunan da take kiran Baba. "Ashe ba ya samun abinci a can."