Sunan da Mama ta ƙi kira

Wata Asabar a hunturun shekarar da na cika goma sha ɗaya, ni da Mama muka sauka daga doguwar mota a Birmingham, yayyafi na zuba kamar ba da son ransa ba. Ta ɗora rigar sanyi a kan atamfarta, a hannunta kuwa takarda ce guda da ta sha ninki har ta yi laushi. Abin da za ta faɗa ne a gaban wasu masu shirya fim, a wani tsohon ɗakin taro a Balsall Heath. Suna neman wadda za ta fito a matsayin uwa 'yar Afirka, kuma Mama ta yi mako uku tana bita a gaban madubin banɗaki.

Kafin a haife ni, Mama 'yar fim ce a Jos. Ba ta yi tashe sosai ba, amma takan ba mu labarin yadda mata ke tare ta a kasuwa suna yi mata faɗa kan abin da ta aikata a fim. Da Baba ya samu tallafin karatu muka dawo Manchester, muka zauna a saman shagon wani mahauci a Longsight. Tagarmu kan yi rawa duk lokacin da bas ya wuce a Stockport Road. Ni da ƙanena Abdul muna carafke da murafen kwalba a kan matakala, in ina tsince shinkafa kuma, yana ɓarar da ita. Kaset-kaset ɗin Mama suna cikin kwali a ƙarƙashin gado, babu na'urar da za ta kunna su. Kowace Laraba takan ja mu zuwa wani ɗaki a bayan laburare, inda take koya wa mata da yara wasan kwaikwayo na bikin Sallah. A can kaɗai nake jin dariyarta ta fita gaba ɗaya. Sai kansul, wato hukumar gari, ta garƙame ɗakin, wai ana tsuke bakin aljihu. Mama ta karanta sanarwar da aka manna a ƙofa, ta ce, "To, an rufe mana baki ke nan." Shi ya sa wannan takarda ta Birmingham ta zame mata ƙofar ƙarshe.

Ni ce 'yar fari, don haka Mama ba ta kiran sunana. "Ke," ko "yayar Abdul," iyakarta ke nan. A bakin makaranta iyaye kan rungume 'ya'yansu, ita kuwa sai ta karɓi jakata ta wuce gaba. Na san ana kiran wannan kunya, amma a lokacin ban ga bambancinta da rashin so ba.

A ɗakin taron na Birmingham, daraktan fim ɗin matashi ne mai fara'a. Labarin kuwa na uwa ne wadda 'yarta ta fari ta ɓata shekaru, sannan ta dawo. Da ya ga babu mai tsayawa a matsayin yarinyar, sai ya tsayar da ni a bakin ƙofa. Ya ce wa Mama ta manta da sunan da ke takarda, ta kira ni da sunana na gaskiya, ta ruga ta rungume ni. Na ce a raina, yau dai zan ji.

Mama ta ɗago, ta dubi ƙafafuna, ta kai hannu za ta gyara ɗankwali, sai ta fasa. Ta juya ta fuskanci bango, sannan ta ce cikin wata murya da ban san tana da ita ba, "An iso? A zauna, a sha ruwa." Da akwai tsohuwar Bahaushiya a ɗakin, da ta share hawaye. Shi kuwa ya ce an yi ƙoƙari, a sake, a ƙara zafi. Sau uku ana sakewa. Mama ta yi masa bayani da Turancinta mai tsabta cewa a wurinmu haka uwa take tarbar ɗan fari, ko da zuciyarta na tsagewa. Ya yi murmushi, ya ce ai ya je Afirka, ya ga yadda mata ke faɗuwa ƙasa suna kururuwa, kuma abin da masu kallonsa za su gane ke nan.

A mota muna komawa, sai da muka bar gari, sannan na ce, da Turanci, da harshen yaran unguwarmu, "Suna ne fa kawai, Mama. Da kin faɗa, me zai rage ki?" Ta dubi gonakin da ruwa ya jiƙa. Ta ce, "Shi baƙo ne, bai sani ba. Ke fa?"

Ba su taɓa kiranta ba. Kafin bazara ta karɓi aiki a gidan kula da tsofaffi, ba ta ƙara tsayawa gaban madubi da takarda ba.

Yanzu na girma, na karanta adabi a jami'a, na koyi cewa mafi wuya a wasa shi ne nuna abin da aka danne. Abin da Mama ta yi ran nan ke nan, a gaban mutum biyu da ya kamata su gani, daraktan da ni, duka muka kasa. Har yau tana can, tana tashin tsofaffin Turawa da safe, tana kiran kowannensu da sunansa cikin taushi. In na ziyarce ta, ta buɗe ƙofa, ƙafafuna take duba ta ce a shigo. Na iya karatun wannan kallo yanzu, bayan babu sauran mai ɗaukarsa a fim.