Ganyen da Mama Ta Ɗinka a Baibai

Duk tsawon kwanan da Allah zai ba ni, ba na jin zan manta da zanen gadon da na taya maƙwabciyata ɗinkawa a unguwar Kakuri ta Kaduna, a shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki.

Lokacin ina sabuwar amarya, an kawo ni daga Funtuwa, ban san kowa ba. Maigidana a masaƙa yake aiki, in ya fita da safe sai yamma. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. A ɗakin da ke manne da namu akwai wata dattijuwa Kirista, mutuniyar kudancin Kaduna, kowa Mama yake ce mata. Ita ma a masaƙa ta yi aiki har ta yi ritaya. Mijinta ya rasu, 'yarta tilo kuwa tana koyarwa a Kafanchan, an sa bikinta ƙarshen shekara. Tsakanina da Mama sai gaisuwa a bakin famfo, sai kuma ƙarar kekenta na ɗinki da nake ji ta bango.

Wata rana da hantsi ta ɗaga labulena ta ce, "Amarya, zo ki ara mini idonki."

Na yi dariya na bi ta. A kan tabarma na ga wani ƙaton yadi shuɗi, an ɗinka masa itace a tsakiya, rassa sun baje ko'ina. Ganyayen kuwa ƙyallaye ne ta yanka, ta naɗe bakinsu, tana manna su ɗaya bayan ɗaya da keke. Ta ce zanen gado ne, gudummawarta ga bikin 'yarta. Akwai ganyen da aka yanko daga rigar aikin marigayi, akwai na rigar makarantar yarinyar, akwai na zanen da ta goya ta da shi. Sai dai kowane ganye da zare yana reto a inda aka fara ɗinki da inda aka tsaya, gaba da baya, kamar gemun masara.

Da yake na ɗan taɓa koyon ɗinki a gida, sai na ce, "Mama, ai da ribas kika yi, keken ya ɗan koma baya ya ƙulle zaren, sai mu bi da almakashi mu huta."

Ta ce, "Ribas a fuskar ganye? Dunƙulewa zai yi kamar ƙurji. In kuma kika yanke gab da yadi, ana fara wanki ganyen zai ɗaga baki. Zauna in nuna miki."

Ta kife yadin, ta sa na ja zaren ƙasa a hankali har na sama ya leƙo da ɗan kunnensa. Na sa bakin allura na jawo shi baya, na ƙulle su tam, na zura su a allura, na cusa tsakanin ganyen da yadin, sannan na yanke abin da ya rage. Da muka juya fuskar, babu alamar inda ɗinki ya fara. Ta shafa wurin da yatsa ta ce, "Yawwa. Hannunki mai kyau ne."

Daga ranar aikin ya rabu, ita da keke, ni da allura. Muna yi tana ba ni labarin masaƙa, 'yar rediyonta na ta kawo surutun sabbin 'yan siyasa. Takan ce, "Na ga farar hula na baya, na ga tafiyarsu. Waɗannan ma Allah ya sa mu ga alheri." In an kira azahar sai ta ɗauke ƙafa daga keke ta ce in je in yi salla, aiki ba ya gudu. Ban ankara ba kewar gida ta sake ni.

Ana nan wata rana ta miƙo mini gefen da ta gama, sai na ga ganyen rigar marigayi a baibai, bayan yadin ne a sama, fari fat a cikin 'yan'uwansa. Na faɗa mata. Ta ɗaga yadin har yana taɓa hancinta, ta shafa, ta sake shafawa, sannan ta tambaye ni, "Wanne a ciki?"

Ganyen nan ko daga bakin ƙofa ana hango shi.

Ta ajiye yadin a cinyarta ta ce, "Tun damina wani abu kamar hayaƙi yake rufe mini ido. Na dama ya tafi, na hagu saura kaɗan. Da yatsa nake bin bakin ganye. Ke kanki, Amarya, muryarki na sani, ban san fuskarki ba." Ta roƙe ni kada 'yarta ta ji, don in ta ji ɗage bikin za ta yi ta dawo jinya.

Na ce, "Mama, ba zan kai mata magana ba. Amma in ta tambaye ni, ba zan iya yi mata ƙarya ba." Ta koma kan kekenta.

Ba a daɗe ba 'yar ta zo sayayyar biki. Ta tarar da mu muna aiki, ta durƙusa tana nuna ganyaye tana dariya, tana cewa ga rigarta ta firamare. Can Mama ta kai hannu za ta ɗauki almakashi, sai ta yi ta lalube a gefe, alhali ga shi a gabanta. Dariyar ta tsaya. 'Yar ta juyo gare ni ta ce, "Anti, me ya sami idon Mama?"

Mama ce ta cece ni. Ta ce, "Ƙyale 'yar mutane, ni zan faɗa miki." Ta kuwa faɗa mata duka. 'Yar ta yi kuka ta ce babu biki sai uwarta ta warke, Mama ta ce ita kuma ba ta yarda ba. Da na ga kowa ya kafe, ban san lokacin da na sa baki ba. Na ce a fara zuwa asibiti a ji, in jinya ce ga ni, bango ɗaya ne tsakaninmu.

Likita ya ce yanar ido ce, kuma ana cirewa. Aka yi wa ido ɗaya aiki kafin biki, 'yar ta koma makarantarta, ni na riƙa ɗiga mata magani ina dama mata kunu. Ranar da ganinta ya washe, na shiga da kwano a hannu na gaishe ta, sai ta tsura mini ido ta daɗe, sannan ta fashe da dariya.

"Amarya, ashe wushirya gare ki!"

Na ajiye kwanon, muka yi ta dariya har da hawaye.

Mama ta so ta farke ganyen nan na baibai ta gyara, 'yar ta hana, ta ce a bar mata shi yadda yake. Haka muka sa tsohon bargo a tsakiya, muka rufe bayan, aka tafi da zanen gadon Kafanchan. Ni da maigidana har can muka je biki.

Yau Mama ta daɗe da barin duniya, ni ma na yi jikoki. Abin da ya zauna mini shi ne, na yi watanni ina gaishe ta kullum tana cewa lafiya lau, alhali duhu na rufe ta. Daga nan na koyi cewa "lafiya lau" ta bakin famfo ba ta isa sanin halin maƙwabci ba. Sai ka shiga ɗakinsa, ka zauna, ka kama masa abin da yake yi, sannan za ka san abin da yake ɗauke da shi.