Yatsun Malachy

A unguwar East Greensboro, can ƙetaren teku, aka haifi Malachy, kuma tun yana ɗan shekara tara jita ta shiga hannunsa ba ta ƙara fita ba. Mutumin nan babu kiɗan da ya gagare shi. Lahadi yana coci, Asabar yana kaɗa wa masu dawakin Summerfield nasu na ƙauye, attajiran Irving Park kuwa sanyi-sanyi suke so, sai ya ba su. Da 'yan Nijar suka yawaita a gari, maƙwabcinsa Boukari direban tasi ya kunna masa kaset ɗin gurmi sau ɗaya tak. Washegari Boukari ya jiyo kiɗan ta bango daga ɗakin Malachy, har ya ɗauka baƙo aka yi daga Maraɗi. Tun daga nan ba a biki ba shi.

To, lafiya uwar jiki. A 2006, yana da hamsin da takwas, ciwon suga ya fara cinye masa jin yatsun hagu, waɗanda yake danna tsirkiya da su. Likita ya ce abin ba ya dawowa. Malachy bai yi aure ba, bai iya wata sana'a ba, jitar ce komai nasa. Tsoro ya kama shi ƙwarai, ya ɓoye wa kowa sai Boukari. Ruwan zafi, man kaɗanya, addu'ar fasto, har rubutun da Boukari ya karɓo wajen malam, duk ya gwada, shiru kake ji.

Ranar bikin ƙanwar Boukari, Malachy ya ce zai yi kiɗa. Boukari ya ce, "Baba, ka huta mana."

"In na huta yau, na huta ke nan," in ji shi.

Da la'asar ya hau dandali, ya zuba wa yatsunsa ido yana bin su, tunda ba ya jin inda suke. Kuma wallahi kiɗa ya yi daɗi, mata suka cika fili. Can sai ya ga rawa ta tsaya. Anti Tchima, uwar biki, ta matso ta ce a hankali, "Baba, jini."

Tsirkiya ta yanka ɗan alinsa tun ɗazu, jini har kan farar rigarsa, shi bai sani ba.

Boukari ya rugo da tsumma, Malachy ya ture shi. Ya kama yatsan ya matse bakin ciwon da duk ƙarfinsa, yana roƙon Allah ya ji zafi ko kaɗan ne. Bai ji ba.