Wayar Kwali ta Malamar Aji Huɗu

Jama'a, a gyara zama, mai tari ya haɗiye abinsa! Ga Babbar Kwamandar Tsaron Intanet ta aji huɗu, mai rundunar kwamfuta goma sha biyu, tara sun riga mu gidan gaskiya, ukun kuma sai an ɗan mari ƙeyarsu suke farkawa. Yayata ce, malamar kwamfuta a wata firamare ta kuɗi.

Makaminta kwalin sabulu ne. Ta yanka shi siffar waya, ta rubuta dokoki uku da jan alƙalamin maka: kada ka ba baƙo sunanka, kada ka faɗa masa makarantarku, kada ka tura masa hotonka. Shekara shida tana ɗaga kwalin nan, har gefensa ya yi laushi kamar tsumma.

Bana ta shirya gasa a kan dokokin. Wata 'yar mitsitsiya da ake kira Mai Tabarau ta cinye tas. Hedimasta ya ji daɗi, ya tsayar da ita a bakin get riƙe da kwalin, ya ɗauke ta hoto, ya ɗora a shafin makaranta na intanet. Cikakken suna, aji, bajon makaranta a ƙirji. A ƙasa kuma ga tallarsu ta kullum, har da lokacin tashi.

Kwana uku bayan haka, wani mutum ya zo ƙarfe biyu saura, dab da tashi, ya kira sunan yarinyar tiryan-tiryan, wai kawunta ne. Maigadi ya ce bari a kira uwarta. Kafin ya juyo, kawu ya bi iska. Uwar kuwa ba ta da ɗan'uwa namiji ko ɗaya.

Malama ta faɗa ofishin hedimasta.

"Ranka ya daɗe, a cire hoton nan."

"Haba Malama! Mutum ɗari bakwai sun yaba. Iyaye biyar sun zo karɓar fom."

Sai da ta yi hawaye ya goge. A banza. Mutum talatin sun riga sun tura gaba, har da malamai, har da gwaggon yarinyar, don alfahari.

Washegari uwar ta zo kwashe littattafan 'yarta, ta ce ta gama da makarantar nan. Mai Tabarau ta ja gefen mayafin Malama.

"Malama, wallahi ni ban ba kowa sunana ba."

Malama ta gyara mata tabarau, uwar ta ja 'yarta suka fita.

Har yanzu tana ɗaga kwalin duk Laraba, yara suna rera dokokin kamar waƙa. Kujerar gaba, ta Mai Tabarau, babu kowa. Makon jiya hedimasta ya ɗora hoton zakaran lissafi.

Na same ta tana liƙe kwalin da salatif, na ce, "Yaya, na rubuta tarihinki. Duniya za ta san jarumarta!"

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kar ka sa sunana. Miƙo min almakashi."